ƘAHO, AGARA DA GAM: TARIHIN BAKA MAI KUNAMA DAGA ƘARNI NA 12 ZUWA NA 16

Gabatarwa

Cikin shekarar 1250 Sarkin Faransa, Luwi na 9, ya sauka a birnin Akka da ke gaɓar tekun Sham, bayan Misirawa sun karya rundunarsa, sun kama shi, an biya fansa sun sake shi. Yana nan zaune sai mai kula da makamansa, wani mutum da ake kira Jean Ba'armeniye, ya tafi Dimashƙa cin kasuwa. Jean de Joinville, wanda yake cikin fadawan sarkin, kuma daga baya ya rubuta tarihinsa, ya gaya mana abin da ya kai mutumin can: ƙaho da gam ya je saye, don a yi wa sarki bakunkuna masu kunama. A lokacin Sarkin Dimashƙa, Al-Nasir Yusuf, yana neman haɗa kai da Luwi a kan Mamalik na Masar, shi ya sa hanya ta buɗe. Joinville bai tsaya kan cinikin ba, hankalinsa yana kan wata hira da mutumin ya yi da wani tsoho a kasuwa. Amma ga mai binciken tarihin sana'o'i, wannan 'yar magana da ya yi a kan hanya ta fi hirar daraja. Ga sarki ya ƙetaro teku don ya yaƙi Musulmi, ga kuma baransa a kasuwar Musulmi yana taya ƙaho.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta bi sawun wannan ƙaho, ta nuna yadda ake mayar da shi makami, da kuma abin da hakan ya jawo. Abin da nake so in tabbatar shi ne cewa baka mai kunama ya ɗauke gwaninta daga hannun maharbi ya mayar da ita hannun mai sana'a. Daga ranar da haka ta faru, ƙarfin yaƙi ya koma ga wanda ke da kuɗin riƙe mai sana'a, da taskar ajiye kaya, da haƙurin jiran gam ya bushe.

Makamin da sunansa

Da farko dai sai mun daidaita kan suna, tun da yake Hausa ba ta yi wa wannan makami suna ba. Siffarsa ita ce: a ɗauki gajeren baka mai kauri, a gicciya shi a kan wata ƙota ta itace, a ɗaure. A saman ƙotar akwai wurin da kibiya ke kwanciya, a tsakiyarta kuma akwai abin da ke riƙe tsirkiya idan an ja ta, ba ya saki sai an matsa wani ƙarfe da ke ƙarƙashi. Larabawa suna ce masa ƙausur rijli, watau bakan ƙafa, domin da ƙafa ake taka shi a ɗana. Ni na zaɓi in ce baka mai kunama, saboda wannan ƙarfen na ƙarƙashi aikin kunamar bindiga yake yi, kuma ya riga ta zuwa duniya da ɗaruruwan shekaru.

Makamin tsoho ne ƙwarai. A ƙasar Sin an tono kunamominsa na tagulla waɗanda aka ƙera tun wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, an kuma sami wasu a ramukan sojojin yumɓu na sarkin Sin na farko, waɗanda aka gano cikin 1974. Girkawan dauri ma sun san wani irinsa da ake ɗanawa da ciki. A Turai ta Yamma labarinsa ya yi shiru, sa'an nan ya sake ɓullowa cikin ƙarni na 10. Da 'yan Salibiyya na farko suka ratsa Ƙustantiniyya cikin 1096 da 1097, Anna Komnene, 'yar sarkin Rumawan Gabas, ta bayyana shi a littafinta a matsayin baƙon abu, ta ce mai ɗana shi yakan kwanta rigingine ya tokare bakan da ƙafafu biyu, ya ja tsirkiyar da hannu biyu. Cikin 1139 babban taron malaman coci da Fafaroma Innocent na 2 ya kira a Rum ya hana a harbi Kirista da shi. Ba wanda ya ji. Shekara 60 bayan haka, cikin 1199, kibiyarsa ce ta yi ajalin Sarkin Ingila Richard na 1 a gindin kagarar Châlus a Faransa.

Bakan da ke kan ƙota a farkon wannan zamani na itace ne zalla, kuma nan matsalar take. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa sanda ya san cewa gefen da ke ciki matsewa yake yi, gefen da ke waje kuwa miƙewa. Itace yana jure duka biyu, amma daidai gwargwado. In ana son ƙarfi sai a ƙara masa kauri, in an ƙara kauri kuwa tilas a ƙara tsawo, in ba haka ba ya karye. Maharbin da ke riƙe bakansa a tsaye bai damu da tsawo ba, bakan Ingilishi ma yakan kai tsayin mutum. Amma bakan da aka gicciya, in ya yi tsawo sai ya tokari na kusa da kai a sahu, ba ya shiga tagar ganuwa, ba ya ɗaukuwa a kan doki. Ana bukatar abin da zai zama gajere, mai kauri, ya lanƙwasu bai karye ba. Itace ba ya iya wannan.

Yadda ake haɗa bakan ƙaho

Bayanin da zan yi a nan na bakunkunan ƙarni na 14 da na 15 ne, na ƙasashen Jamus da maƙwabtansu, domin su ne suka fi saura a gidajen adana kayan tarihi.

Hikimar ita ce a raba aikin gida biyu, kowane gefe a ba shi abin da ya dace da shi. Ƙaho yana jure matsi fiye da kowane itace, ya kuma koma yadda yake in an sake shi. Agara kuwa, watau farar jijiyar nan mai tauri da ke ƙafar dabba da gadon bayanta, tana jure miƙewa. Saboda haka sai a sa ƙaho a ciki, gefen da ke duban maharbi, a shimfiɗa agara a baya. Faɗar wannan ba wuya. Wuyar tana wajen sa su zama abu guda.

Ƙahon da aka fi nema shi ne na bunsuru da na bunsurun dutse, akan kuma yi amfani da na sa. Wani lokaci akan sa wani abu mai kama da ƙaho da ake cirowa daga bakin ƙaton kifin nan na teku, wel. To, babu dabbar da ƙahonta zai ba da sanda miƙaƙƙiya mai tsawon santimita 70 ko 80 da kauri irin na damtsen yaro. Ƙaho a karkace yake fitowa, cikinsa rami ne, bangonsa kuma siriri. Don haka sai mai sana'a ya sa zarto ya yanka shi tsinke-tsinke, ya gasa ko ya dafa har ya yi laushi, ya danne shi ya miƙe. Sa'an nan ya jera waɗannan guntaye, wasu a gefen wasu, wasu a kan wasu, yana kula kada mahaɗar wannan ta faɗo daidai da mahaɗar wancan, kamar yadda magini ke sarƙa tubali. Baka guda yana iya cin ƙahonin dabbobi da dama.

Kafin a manna guntu da guntu, akan ja wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi a kan fuskar kowanne, ya bar tsagi-tsagi a jere. Idan an haɗa su sai tudun wannan ya shige kwarin wancan. Amfanin haka biyu ne: fuskar da gam zai kama ta ƙaru, sa'an nan guntayen ba za su zame wa juna ba lokacin da bakan ya lanƙwasa. Wanda ya ga irin wannan baka an yanka shi a gicciye zai ga layukan mahaɗa suna tafiya kamar haƙoran zarto. A ganina babu inda gwanintar mutanen nan ta fito fili kamar nan, domin aiki ne da ba mai saye da zai taɓa gani, amma in an yi ha'inci a cikinsa, ranar da bakan zai tarwatse a fuskar maharbi zai tarwatse. A wasu bakunkunan akan ƙara siririn katako tare da ƙahon, ya zama shimfiɗar da agara za ta kama.

Gam ɗin ma na dabba ne. Akwai wanda ake dafawa daga fata da guntayen agara, akwai kuma wanda ya fi shi daraja, da ake yi da jakar iska ta cikin wani babban kifi na kogunan Turai ta Gabas da tekun Baltik. Akan busar da jakar, a jiƙa ta, a narkar da ita a wuta marar ƙarfi. In ya tafasa ya lalace, in ya huce ya daskare kafin a gama shafawa. Ke nan ɗakin aikin kansa sai ya kasance da ɗumi.

Agara kuwa sai an busar da ita ta yi tauri kamar ƙirare, a daka ta da guduma har ta farfashe ta zama zare-zare, a tsefe, a ware dogaye da gajeru. Mai sana'a ya ɗebi 'yan tufka, ya tsoma a gam mai ɗumi, ya matse, ya shimfiɗa a bayan ƙahon da gefunansa, ya lallashe da yatsa don iska ta fita. In ya gama shimfiɗa ɗaya sai ya ajiye. Ba a ɗora ta biyu sai ta farko ta bushe, kuma a bakan kunama agarar tana da yawa, har takan yi kauri ta lulluɓe ƙahon ta ɓangare uku. Bushewar nan watanni take ci. Tana bushewa tana tsukewa, tana jan kunnuwan bakan zuwa gaba, har ya zama in ba tsirkiya a jikinsa sai ka ga ya lanƙwashe ta inda ba nan zai lanƙwasa ba in an ɗana. Wannan ja da agara ta yi tun ba a taɓa bakan ba, wani ƙarfi ne da aka ajiye a cikinsa. Babu dabarar da za ta gaggauta wannan mataki. Sarki na iya tara maƙera ɗari su kwana suna ƙera bakin kibiya, amma ba ya iya umurtar gam ya bushe.

Abu na ƙarshe shi ne riga. Gam na dabba abokin gābar danshi ne, in ya sha ruwa sai ya saki. Don haka akan naɗe bakan duka da ɓawon wata bishiya ta ƙasashen sanyi da Jamusawa ke kira Birke, wanda yake siriri kamar takarda kuma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Sau da yawa akan buga masa ɗigo-ɗigon baƙi da fari, har ya yi kama da fatar maciji. Wannan rigar ita ce ta ɓoye asirin sana'ar ga na baya, kamar yadda za mu gani.

Sauran sassan ba su kai bakan wuya ba, amma kowanne da kayansa. Ƙota ta itace ce mai tauri, galibi na itatuwan marmari, akan kuma lulluɓe samanta da ƙashi don kibiya ta zame sumul. Ba a kafa bakan da ƙusa, domin huda shi kashe shi ne. Da igiya ake ɗaure shi, a zura ta wani rami da ke ƙotar, a naɗa ta sau da yawa, a haɗa da wani zobe ko likkafa ta ƙarfe a goshin makamin. Tsirkiya zaren kittani ce ko na wata irin rama, sili da yawa a haɗe, a shafe da kakin zuma, kaurinta ya kai ɗan yatsa. Abin da ke riƙe ta kuwa wani ɗan dunƙule ne mai juyawa, wanda Turawa da Larabawa duka suka kira da sunan ƙwallon 'ya'yan itace, Larabawa suna cewa jauza. Da ƙahon barewar Turai mai rassa ake sassaƙa jauza, shi kuwa wannan ƙaho a haƙiƙa ƙashi ne, ba ya tsagewa da wuri. Tana da farata biyu a sama da ke kama tsirkiya, gindin kibiya ya shiga tsakaninsu, a ƙasa kuma tana da ɗan gurbi inda bakin kunama ke tokarewa. Da an matsa kunama, sai jauza ta juya, tsirkiya ta kuɓuce. Kibiyar gajeriya ce mai kauri, bakinta mai kusurwa huɗu, kuma waɗanda ake tarawa a taska akan yi musu fikafikai da siririn itace ko fata, don gashin tsuntsu ba ya daɗewa asu bai ci shi ba.

Yayin da bakunkuna suka yi ta ƙara ƙarfi, hannu ya kāsa ɗana su. Aka fara da ƙugiya da ake ratayawa a ɗamara: maharbi ya sa ƙafa a likkafa, ya sunkuya ya maƙala tsirkiya, ya miƙe da ƙarfin cinya da ƙugu. Daga baya aka sami wani ƙarfe da ake kira ƙafar akuya, sa'an nan wani mai haƙora da ake murɗawa, wanda aikinsa ya yi daidai da jak ɗin da ake ɗaga mota da shi.

Daga ina hikimar ta fito?

An daɗe ana cewa 'yan Salibiyya ne suka koyo bakan ƙaho daga Musulmi suka kai Turai. Akwai hujjoji masu ƙarfi a bayan wannan magana. Haɗa ƙaho da agara da itace a yi bakan hannu tsohuwar sana'a ce ta mutanen Asiya, Farisawa da Turkawa da Larabawa duk sun gaje ta. Wajen 1187 Mardi ɗan Ali al-Tarsusi ya rubuta wa Salahuddin al-Ayyubi littafi kan makamai, Tabsiratu Arbabil Albab, wanda kwafensa ke Oxford, Claude Cahen kuma ya buga wani sashe nasa da fassarar Faransanci cikin shekarun 1940. A ciki ya kawo bakunkuna masu kunama iri-iri, har da wani ƙato da ake kira ziyar. Abin da ya fi burge ni shi ne al-Tarsusi ya ambaci mai sana'ar da ya ɗauki ilmi a wurinsa, Abul Hasan ɗan al-Abraƙi, mutumin Iskandariyya. Da wuya marubucin wancan zamani ya yi wa mai aikin hannu wannan karamci.

A ɓangaren Turai kuwa, takardun fadar Ingila na farkon ƙarni na 13 sun fara bambanta baka na itace da na ƙaho, kuma cikin 1205 sun ambaci wani mai yi wa Sarki John bakunkuna da ake kira Peter Saracen, laƙabin da Turawan lokacin ke yi wa Musulmi. Laƙabi kaɗai ba ya zama shaida, amma in aka haɗa shi da tafiyar Jean Ba'armeniye, da kuma Musulmin Sisili da Sarki Frederick na 2 ya tsugunar a garin Lucera na Italiya, waɗanda suka yi ta yi wa sarakuna aikin harbi har aka watsa su cikin 1300, za a ga hanyoyin da ilmin zai bi suna da yawa.

Duk da haka ina ganin an wuce gona da iri in aka ce kwaikwayo ne kurum. Bakan hannu na Turkawa da Larabawa ƙashin bayansa itace ne, a manna masa dogon ƙaho a ciki, agara a baya. Bakan kunama na Jamus kuwa cikinsa ƙaho ne da aka gina guntu-guntu, itacen ɗan kaɗan ne ko babu. Gini ne dabam, wanda aka yi don nauyin da hannun mutum ba zai taɓa ja ba, da ƙahon dabbobin da ke ƙasar. Asalin dabarar daga Gabas yake, amma waɗanda suka karɓa sun yi shekaru suna sāke ta har ta zama tasu.

Ko Musulmin ma sun ɗanɗani makamin daga ɗaya ɓangaren. Baha'uddin ɗan Shaddad, alƙalin rundunar Salahuddin, ya ga dakarun Richard a hanyarsu daga Akka zuwa Arsuf cikin 1191. Ya ce yakan ga mutum da kibau har goma a soke a rigarsa ta libdu yana tafiya abinsa, alhali kibansu na baka mai kunama suna kayar da doki da mahayinsa. Kalmar libdu ɗin nan ita ce ta zama lifidi a bakinmu.

Taskar Marienburg

Wanda zai yi harbi da bakan hannu mai ƙarfi sai ya tashi da shi tun yana yaro. Baka mai kunama kuwa ɗan birni, mai saƙa ko mai gashin burodi, yana iya koyonsa cikin ɗan lokaci, domin ƙota ce ke riƙe masa nauyi yayin da yake auna abin hari. Shekarun da maharbi zai yi yana koyo, mai sana'a ya riga ya yi su a madadinsa. Wannan ne ya sa makamin ya zama na masu kuɗi da tsari: biranen ciniki irin su Jenowa, wadda 'yan bakanta suka yi suna a aikin sojan haya, da sarakuna masu baitulmali. Manyan hakiman Ingila sun gane haka sarai. Cikin sharuɗɗan da suka tilasta wa Sarki John a Magna Carta cikin 1215, har da cewa ya kori baƙin 'yan baka mai kunama daga ƙasar.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne ƙasar Furushiya, ƙarƙashin ƙungiyar mayaƙan addini ta Jamusawa da ake kira Tutonik, mai hedkwata a kagarar Marienburg, wadda yau ake kira Malbork a ƙasar Polan. Mutanen nan sun iya ajiye lissafi. Littafin ma'ajinsu na 1399 zuwa 1409 yana nan, an buga shi cikin 1896, haka kuma littattafan da ake ƙidaya kayan kowace kagara duk lokacin da aka canja shugabanta. Daga cikinsu masanin tarihi Sven Ekdahl ya nuna cewa manyan kagarun suna da ɗakin sana'a na musamman da shugabansa, inda ake tara ƙahon bunsuru da agara da gam ɗin kifi da ɓawon itace, kuma a farkon ƙarni na 15 bakunkunan da ke ajiye a taskokinsu sun haura 4,000. A lura fa, kowane ɗaya daga cikinsu an fara shi ne watanni da yawa kafin a san ranar da za a bukace shi. Mahauci da masunci da mai saran daji duk suna cikin wannan shiri, ko sun sani ko ba su sani ba.

Wannan tanadi bai hana Polan da Lituweniya karya ƙungiyar a filin Tannenberg ranar 15 ga Yuli 1410 ba, har shugabanta ya mutu a wurin. Amma da masu nasara suka zo suka kewaye Marienburg, sun yi kusan wata biyu ba su ci ta ba, suka janye. Makamin mai jinkirin ɗanawa ne, ya fi amfani ga wanda ke da bango a gabansa.

Danshi, sanyi da ƙarfe

Wannan ya kawo mu ga yaƙin Crécy, ranar 26 ga Agusta 1346, inda 'yan bakan Jenowa da ke wa Faransa aiki suka sha kashi a hannun maharban Ingila. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne ruwan sama ne ya jiƙa musu tsirkiya. An yi ruwa kam, amma ni ban gamsu cewa yayyafin sa'a guda zai ratsa zaren da ya sha kaki, ko bakan da ke cikin rigar ɓawo ba. Danshin da ke kashe bakan ƙaho shi ne na kwana da kwanaki a ɗaki mai laima. Abin da ya fi kama hankali shi ne an tura su gaba bayan doguwar tafiya, manyan garkuwoyin da suke fakewa a baya su ɗana kuwa an bar su cikin kaya a baya. Mutumin da zai sunkuya ya ɗana a fili, abokin gābarsa yana sakar masa kibau da yawa kafin ya ɗago, ba ya bukatar ruwan sama ya kayar da shi.

Bakan ƙarfe ya fara bayyana cikin ƙarni na 14, ya yaɗu cikin na 15. Bai damu da danshi ba, kuma maƙeri yana gama shi ba tare da jiran watanni ba. Amma bai kori ƙaho nan da nan ba, musamman a ƙasashen arewa da na duwatsu, domin ƙarfen wancan zamani yakan yi gautsi cikin tsananin sanyi ya karye ba sallama, ƙaho da agara kuwa sanyi bai dame su ba. A littafin Theuerdank na 1517, wanda aka tsara kan rayuwar Sarki Maximilian na 1, cikin hatsarorin da jarumin ya tsallake har da bakan ƙarfe da ya karye masa a hannu. Abin da ya gama da su duka biyu a fagen fama bindiga ce, cikin rabin farko na ƙarni na 16. Bakan ƙarfe ya sami mafaka wurin mafarauta da ƙungiyoyin gasar harbi. Na ƙaho bai samu ba.

Abin da ya iso Afirka

Baka mai kunama ya iso gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. An same shi a ƙasar Yarabawa da Bini, da kuma wurin Fang na Gabon da kudancin Kamaru. Cikin 1909 Henry Balfour, na gidan kayan tarihi na Pitt Rivers a Oxford, ya kawo hujjar cewa daga jiragen Turawa aka gan shi aka kwaikwaya. Na Fang itace ne duka, ƙotarsa a tsage take biyu, in an matse ta sai wani ɗan turke ya turo tsirkiya daga gurbinta. Ƙananan kibau masu dafi yake harbawa, don birai da tsuntsaye. Siffar ta ƙetaro teku, ginin ƙaho bai biyo ta ba, kuma a ganina dalilin a fili yake: inda dafi ne ke kisa, ƙwarzane ya isa, ba a bukatar bakan da zai huda sulke. Maharban ƙasar Hausa ma da dafi suka warware wannan matsala.

Bayan masu sana'ar sun tafi

Masu yin bakan ƙaho a Turai a ƙungiyance suke, uba ya koya wa ɗa, maigida ya koya wa yaronsa, kuma ba su bar wani littafi da ya bayyana aikin daki-daki ba. Da kasuwa ta mutu, ilmin ya bi ta. Abin da ya rage shi ne sunan iyali, irin su Armbruster a Jamus da Ballester a Kataloniya, waɗanda ke nuna sana'ar kakanni, sai kuma bakunkunan kansu, a rufe cikin rigarsu. Masu tara tsofaffin makamai na ƙarni na 19 sun yi ta riƙe su a hannu suna kintace kan abin da ke ciki.

Cikin 1893 Baron de Cosson ya buga nazari kan bakan da aka yi wa Ulrich na 5, hakimin Württemberg, mai ɗauke da shekarar 1460, ya haɗa da bayani kan yadda ake gina irinsa. Cikin 1903 Ralph Payne-Gallwey ya fitar da babban littafinsa kan makamin, ya bayyana wani baka da aka haɗa da abin bakin wel da itace da agara. Josef Alm na Suwidin ya ɗora cikin 1947, Holger Richter kuma ya keɓe littafi guda kan bakan ƙaho cikin 2006. Hanyoyin binciken su ne duba bakunkunan da suka riga suka fashe ko aka yanka, da ɗaukar hoton eksire na waɗanda ba a so a taɓa, da karanta lissafin ma'aji. Littafin ma'aji yana faɗin abin da aka saya, zarto yana nuna inda kowane guntu ya zauna, amma zafin gam da yawan kwanakin da ke tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, waɗannan sai da masu gwada sāke ginawa a zamaninmu suka nemo su da hannunsu, bayan bakunkuna da dama sun fashe musu.

Shi kuwa bakan Ulrich yana gidan kayan tarihi na Metropolitan a birnin New York. Binciken da aka yi daga baya ya jingina aikinsa ga Heinrich Heid, mutumin Winterthur ta ƙasar Suwizalan, wanda ya yi wa hakimin aiki. Tambarin Ulrich yana jikin ƙotar tun 1460, sunan Heid kuwa sai da aka haƙo shi daga takardun fada.